Rabin Kwalbar Hamisu

Ku 'ya'yana da jikokina, kun tashi kun tarar ana ce mani Lawal Harsashi, kuma na san abin da ake gaya maku a Kusada. Wai ƙarfe ba ya cina, wai na sha maganin bindiga a Kaduna lokacin yaƙi, wai ko an ɗirka mani dalma ruwa take zama. Har yau akwai masu yin sallama a ƙofar gidan nan, su durƙusa, su yi ta kewaye-kewaye, can a ƙarshe su ce in taimaka masu da ɗan abin da na sha. Ina korarsu, wani lokaci har da faɗa, su tafi suna cewa tsohon nan ya cika rowa. To yau zan faɗi abin da na sha ɗin da yadda aka yi na sha shi. Amma kada ku sa rai wai in na gama za ku gane, don ni da abin ya faru a kaina har yanzu ban gane ba.

Bari in fara da kamfanin. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba manya suka ce ƙasa mai 'yanci ba ta zauna tana roƙon harsashi a wurin wasu ba, aka kawo Turawa suka kafa masana'anta a Kaduna. Tana da wani dogon suna na Turanci, mu dai ma'aikata Gidan Harsashi muke cewa. Ni abin da ya kai ni, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ɗiyar maƙeran Rimaye ce, kuma a wurin kawuna na yi wayo ina zuga. Da na ji a kasuwar Kankia ana neman waɗanda suka san ƙarfe, sai na ɗaure masabata da awartakina a tsumma na hau mota, ina ganin ai ni ake jira. Wayyo ƙauyanci! Da na shiga babu zuga-zugi, babu gawayi, sai injuna jere suna rugugi har cikin haƙoran mutum. Ana zuba masu tagulla fala-fala kamar kwabo, wannan ya danna, wancan ya ja, wani ya datse baki, sai ga kwanson harsashi yana faɗowa da ɗuminshi. Aikin da aka ba ni kuwa wanki ne. Kwanson yakan fito baƙi ƙirin da maiƙo, mu zuba a kwandon waya, mu tsoma a kwatamin ruwan zafi mai magani, mu ɗaga mu tsoma a na ɗauraya, sannan a wuce da shi wurin busarwa da ɗura albarushi. Ni da na bar gida don in ƙera bindiga, ga ni na ƙare a wanke-wanke.

Kafin yaƙi aikin ba wani aiki ba ne, har gyangyaɗi muke yi a bayan akwatuna. Da yaƙin basasa ya ɓarke, Turawa da yawa suka haɗa komatsansu suka tafi, injuna kuma ba a sake kashe su ba. Wasu na fita wasu na shiga, manyan motoci na jira a ƙofa, akwatin da aka rufe da safe kafin la'asar ya kama hanyar kudu. Aka zuba sojoji ko'ina. Ba a shiga da ashana, ba a shiga da taba, takalmi mai ƙusa ma sai ka cire. Kullum kuma da raɗe-raɗin da za ka ji, wai akwai maƙiya a cikinmu masu neman ɓata kaya. Kowa ya dinga kallon hannun ɗan'uwanshi.

A gida kuwa, mahaifina, Malam, makarantar allo gare shi a zaure, da damina kuma ya yi nomanshi. Mutum ne mai sanyi, ba ya son gardama. Inna ita ce mai zafin, amma ba a kaina ba. Ni ne ɗan fari, kun kuwa san kunyar mutanen da. Tun da na buɗe ido Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba, ban kuma tuna ranar da hannunta ya taɓa jikina ba. In tana da magana da ni sai ta gaya wa turmi ko kaza, ni kuma in ji. Duk abin da ta ɓoye a kaina sai ta juye shi a kan autanmu, Hamisu. Shi ne mai kwanciya a cinyarta yana da gemu, shi ne mai sa hannu a tukunya ta yi dariya. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi, don ni ma yaron ya shiga raina. To wannan Hamisun ne ya kai gyaɗa kasuwar Kankia, ya tarar da motar ɗaukar soja, ya ba wani maƙwabcinmu jakin da ya ɗauko gyaɗar ya ce a kai gida. Bayan horo ya leƙo sau ɗaya da kaki, Malam ya ɗaura mashi layu, ya tafi. Daga nan shiru, ko wanda ya gan shi ba mu samu ba.

Da damina ta faɗi na samu hutu na zo gida. Na tarar Inna ta rame, duk wuyanta ya fito. Da hantsi ina zaune a tsakar gida ina ba Malam labarin aiki, kwando kaza, kwatami kaza, ban san tana saurare ba. Sai na ji daka ya tsaya. Ta dubi cikin turmi ta ce:

"A tambayi na Kaduna. Ruwan wanga da suke wanki da shi, kowane harsashi sai ya shiga cikinshi?"

Na dubi ƙasa na ce, "Kowane ɗaya."

"To Malam, ka yi rubutu da sunan Hamisu. A kai a zuba a ciki."

Malam ya ajiye carbi. "Ke, mi kike faɗi haka? Rubutu ɗan Adam ake ba ya sha. Ban taɓa gani a littafi an shayar da ƙarfe ba."

"Ɗan Adam ɗin yana ina da zai sha? Ka san inda yake? Kai ka san littafi, ni na san ƙarfe. A gidanmu ba a ɗora ƙarfe bisa wuta ba a yi mashi magana ba. Yana ji. In an gaya mashi wanga yaron namu ne, ba ya taɓa shi."

Na ga abin zai yi nisa, na ce bari in warware masu, ni mai ilimin Kaduna. Na ce, "Malam, a gaya mata namu ba Hamisu ake harbi da su ba. Su Hamisu ake ba, su ke harbawa. Waɗanda za su zo mashi a wani wuri ake yinsu."

Inna ta ce wa turmi, "Harsashi ido gare shi da zai san gefe? In aka ƙwace akwati fa? In na bayanshi ya harba fa?"

Ni kuwa na sha ji daga bakin sojojin da suka dawo da rauni cewa akwatuna suna canza hannu. Malam kuma sai ya kawo nashi ruɗanin. Ya ce to in rubutun ya kama, harsasan suka ƙi tashi gaba ɗaya, ba an bar yaron da sanda a hannu ba ke nan a gaban mai bindiga? Inna ta ce ai shi ya sa za a sa suna. Malam ya ce Hamisu nawa ne a duniya. Ta ce a sa da sunan uwarshi. Haka suka yi ta yi, ni ina tsakiya, duk wanda ya yi magana sai in ga kamar shi ke da gaskiya. A ƙarshe Inna ta yi abin da ban taɓa gani ba, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Malam ya tashi ya ɗauko allo.

Ayoyin tsari ya rubuta, ya wanke, ya sake rubutawa, ya wanke, har ruwan ya yi baƙi sosai, ya tace a kwalba. Da zai miƙa mani ya ce a hankali, shi bai san ko daidai ne ba, Allah dai ya ga niyya. Ranar da zan koma, Inna ta tsaya a bayan danga tana gaya wa kaza cewa a zuba a hankali don ya gauraye, a kira sunan yaron da na uwarshi, kada a bar ko ɗigo. Ku duba fa, wannan ne abu na farko da mahaifiyata ta taɓa nema a wurina tun da ta haife ni. Na san dokar wurin aikina, na san lokacin da ake ciki. Duk hanya ina cewa in na isa zan tuttular a gindin bishiya in huta. Amma da na isa sai na ga na naɗe kwalbar a tsumma na sa a aljihu.

A ƙofa soja ya girgiza ta ya ce mene ne, na ce maganin basir ne, ya yi dariya ya ce in wuce. Da aka tashi cin abincin rana na yi jinkiri har ɗakin ya zama ba kowa. Akwai kwando guda cike a cikin ruwan ɗauraya. Na durƙusa a bakin kwatamin, na yi bisimilla, na fara zubawa siriri-siriri kamar yadda aka ce. Kai jama'a, da kun gan ni! Ƙato da ni ina yi wa tagulla magana. Ina cewa, ku ji, akwai wani yaro Hamisu, dogo ne, yana da wushirya, namu ne, in kun gan shi ku kauce. Da na zo sunan uwarshi harshena ya yi nauyi, don ban taɓa furta sunan Inna da bakina ba. Na tsaya ina kokawa da shi, kwalbar ta kai rabi, sai na ji an damƙe mani wuyan hannu ta baya.

Saje ne mai kula da tsaron sashenmu, wani gajere mai jajayen idanu. Kafin in ce wani abu har an busa usur, an kewaye ni, an ja ni zuwa ɗakin masu gadi ana duka. Aka ajiye kwalbar a kan tebur kowa na ja da baya.

Saje ya ce, "Wa ya aiko ka? Mene ne wannan?"

Na ce, "Rubutu ne, ranka ya daɗe. Na ƙanena ne, soja ne kamarku, yana bakin daga."

"Ƙanenka yana cikin ruwa?"

Na yi bayani, ina yi ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaci. Wani ma'aikaci Bakatsine ya sunsuna ya ce lallai tawada ce, amma ba wanda ya saurare shi. Saje ya turo mani kwalbar.

"In ba guba ba ne, sha."

Na ce, "Ba nawa ba ne. Don Allah ku bar ni in ƙarasa zubawa, sannan ku yi mani duk abin da za ku yi."

Ya saɓa bindiga ya ɗora mani bakinta a nan, ƙasan haƙarƙari. "Sha!"

Ban ga laifin mutumin ba, ko a lokacin. Yaƙi ake, ya kama mutum yana zuba baƙin ruwa a kayan yaƙi yana surutai, me kuke so ya yi? Na ɗauka na kafa kai. Ɗanɗanon da na sani ne tun ina yaro, ƙaro da ƙaurin gawayi, ɗanɗanon zauren Malam. Ina sha hawaye na zuba, su suna zaton tsoron mutuwa ne. Suka zauna suna jira in faɗi, ban faɗi ba. Aka kulle ni 'yan kwanaki, aka bincika, aka ga ba kowa a bayana sai wata tsohuwa a Kusada, aka ce in tattara in bar masu wuri. A bakin ƙofa na tambayi abokan aikina labarin kwandon nan. Wani ya ce an zubar da ruwan a kwata an mai da abin da ke cikin kwandon wurin narki. Wani ya rantse cewa a cikin hayaniyar wani ya ɗaga shi ya wuce da shi busarwa, ya bi sauran. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba.

Na dawo gida gero ya kai gwiwa. A zaure na zayyana wa Malam komai, ban rage ba. Ya dubi allunan da ke jingine, sannan ya ce:

"Kada ka gaya mata sai ta tambaya. In ta tambaya kuma kada ka yi mata ƙarya."

Ba ta tambaya ba. Ta ga na dawo ba aiki, ta ɗauka kuɗin abin ke nan, an biya. Da yamma aka aiko mani da fura wadda ta sha nono fiye da kullum. Inna ta fara cin abinci, wuyanta ya cike, ina jin ta ta katanga tana gaya wa maƙwabta cewa ita hankalinta ya kwanta, an yi wa ƙarfe magana. Ni kuwa nawa hankalin bai kwanta ba. Wani lokaci in ce ai rabi ya shiga, rabin rubutu ma rubutu ne. Wani lokaci in ce duk shirme ne, ruwa ne da tawada, Malam da kanshi bai yarda ba. Wani lokaci kuma in dafa cikina in ji kamar na haɗiye wani abu da ba nawa ba, yana nan zaune bai narke ba.

Gidan Harsashi ban sake taka shi ba sai a shekarun da kuɗin mai suka zo, lokacin ina da rumfar walda a bakin titin Kankia ina gyaran manyan motoci. Na je Kaduna sayen kaya na ce bari in leƙa. Abin da na gani ya ƙara ɗaure mani kai. Yaƙi ya ƙare, ƙasa ta yi kuɗi, an koma sayo makamai daga waje, rabin injunan an lulluɓe su. A ɗakin da ake ɗura albarushi na tarar ana haɗa kujerun makaranta, a wani kuma famfon rijiya. Kwatamina yana nan, ya bushe, an tara katako a ciki. Wani tsohon abokin aikina ya rungume ni yana dariya, yana nuna ni ga sabbin ma'aikata, wai ga wanda ya ba harsashi rubutu. Wurin da aka kusa harbe ni saboda rabin kwalba, yanzu ko mai gadi barci yake yi. Na tsaya ina tambayar kaina, to duk wannan rugugin da muka yi, na mene ne? Na sayi kayana na hau mota.

Amma na yi gaba, bari in komo. Da aka ce yaƙi ya ƙare, sojoji suka fara sauka a tashar Kankia ɗaya-ɗaya, kowace ranar kasuwa ina can ina leƙa fuskoki. Wanda ya zo mana ba Hamisu ba ne. Wani Ɗanjuma ne, mutumin Mawashi, da suka yi rukuni ɗaya. Ya yi sallama da rana tsaka, ya zauna a zaure, ya ciro layu daga aljihu ya ajiye a gaban Malam. Malam ya gane ɗinkinsu. Ɗanjuma ya ce a bakin wani rafi ne, harsashi ɗaya, a ƙirji, ya nuna wurin a nashi ƙirjin, ya ce bai wahala ba, kuma sun yi mashi sutura gwargwadon hali. Bayan an yi salati, ni ne na kasa haƙuri.

Na ce, "Daga wane gefe aka harbo?"

Ya ce, "Yaya Lawal, a dajin nan wa ya san gefe? Akwatunanmu na hannunsu, nasu na hannunmu. Ta ko'ina wuta take zuwa."

"Yaushe ne?"

"Can kullum ruwa ake, ba ka gane wata. Amma na tuna muna cewa, da a gida ne yanzu gero ya kai gwiwa."

Kun ji. Ko kafin in zuba ne, ko bayan na zuba, ko a ranar ce ma ina durƙushe ina kokawa da sunan Inna, Allah kaɗai ya sani. Ko namu ne ya same shi, ko na wasu, ko ma daga kwandon nan ne da ya sha rabi, ya ji sunan yaro bai ji na uwarshi ba. Na juya wannan abu a kaina shekara da shekaru, ta kowane gefe na ɗauko shi sai ya suɓuce.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓi gaisuwa, ta yi sadaka, ta ɗauke tabarmar Hamisu ta naɗe. Bayan an watse da kwanaki, wata safiya ina tsugune a tsakar gida ina wasa fartanya, sai na ga ƙafafunta a gabana. Na jira ta yi wa kaza magana. Babu kaza a wurin. Na ɗaga kai, sai ga idon mahaifiyata cikin nawa, karo na farko a rayuwata. Ashe idanunta irin na Hamisu ne, ban taɓa sani ba.

Ta ce, "Ka zuba duka?"

Na ce, "Rabi na zuba, Inna. Aka kama ni."

"Sauran fa? Ƙasa ta shanye?"

"A'a. Sun ɗora mani bindiga. Ni na sha."

Na ji kamar in nutse. Na so ta zage ni, na so ta ɗauki fartanyar ta buga mani, da na ji sauƙi. Sai ta sunkuyo, ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, daidai inda Ɗanjuma ya nuna a nashi. Hannun da kaushi, da sanyin ruwan wanke-wanke. Ta bar shi a wurin tana jin bugun zuciyata. Sannan ta faɗi abin da ake gaya wa duk wanda ya sha rubutu:

"Allah ya sa ya bi jiki."

Ta ɗauke hannunta ta koma ɗaki.

To abin da na sha ke nan, ku gaya wa masu sallama. Na yi aikin walda har idona ya gaza, mota ta taɓa kifewa da mu a hanyar Katsina, sa'o'ina duk sun tafi, ni ina nan ko ƙwarzane babu. Kada ku tambaye ni ko rubutun ne, ban sani ba.

Inna ta rayu shekaru bayan haka, ba ta sake duban fuskata ba, ba ta sake taɓa ni ba. Amma ga abin da na lura. Duk wanda zai yi tafiya a gidanmu, ko Rimaye ce nan kusa, sai ta raka shi bakin zaure da addu'a, ta kasa zaune ta kasa tsaye har ya dawo. Ni kaɗai ne in na ce zan tafi, ko Ikko ce, ba ta ko ɗagowa daga tankaɗe. Har aka sa ta a ƙasa ban gane ba, ko fushi take da ni, ko kuwa a duk 'ya'yanta ni kaɗai ne ba ta jin tsoro a kaina.